Farantin da Ke Kurmancewa da Ƙarfe Huɗu

A hawa na biyu na hukumar sadarwa akwai wani ɗaki mara taga da ake ajiye na'urorin awo. Nan ne ofishin Injiniya. Shekararta goma sha ɗaya a wurin, kuma aikinta bai wuce saurare ba. Iskar nan da muke shaƙa cike take da saƙonni, na gidajen rediyo, na jiragen sama, na wayoyin hannu, na taurarin ɗan Adam. Hukuma ce ke yanka wa kowa mitarsa, kamar yadda ake yanka filaye, ta ba shi lasisi. In wani ya yi kukan maƙwabci ya ci masa iyaka, sai a tura Injiniya da wata farar mota mai doguwar eriya a ka, ta je ta gano gaskiyar magana. Abokan aikinta na ce mata Kunnen Hukuma, ita kuma tana amsawa.

A shekarar nan rigima ɗaya ce ta hana kowa sakat a hukumar. Akwai wani yanki na mita da kamfanonin tauraro suka daɗe suna saukar da intanet ta cikinsa, don ko ruwa ake kamar da bakin ƙwarya ba ya katsewa. Sai kamfanonin waya suka ƙyalla ido suka gan shi, suka ce sabon sabis ɗinsu mai sauri a nan ya fi gudu. Hukuma ta raba yankin biyu ta ba su rabi. Ba a jima ba suka dawo neman ƙari. Masu tauraro suka ce ai ko wanda aka ba su ma ya yi yawa. Aka sa ranar zama, kowane ɓangare ya ɗauko lauyoyi.

Saura mako uku a zauna, Darakta ya kira Injiniya ofishinsa ya miƙa mata takarda. Ƙara ce daga wani ƙaramin asibiti, tafiyar awa biyu daga hedikwata, mai amfani da intanet ɗin tauraro. Wata uku ke nan, kullum da ƙarfe huɗu na yamma intanet ɗinsu sai ya mutu, ba ya farfaɗowa sai biyar. Kamfanin tauraro ya ce sabon ƙarfen sabis da kamfanin waya ya kafa kusa da asibitin ne ke kashe shi, har ya cusa ƙarar cikin takardun da zai kai zama. Kamfanin waya ya ce ƙarfensa bai taɓa leƙa wajen mitarsa ba.

"Kullum ƙarfe huɗu?" in ji Injiniya.

"Haka suka rubuta."

"Har Asabar da Lahadi?"

"Ni dai Injiniya, ki je ki kawo min sunan mai laifi kafin ranar zama. Yau kaɗai kowannensu ya kira ni sau uku. Shayina ma sai da ya huce na samu na sha."

Ta fito tana juya takardar. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne maganar agogon. Ƙarfen sabis ba ma'aikacin gwamnati ba ne da zai zo aiki ya tashi, dare da rana a kunne yake. In shi ke kashe intanet ɗin, me ya sa yake jiran huɗu? Ta tuna da rana, wadda takan tsaya daidai bayan tauraro ta rikita farantin satalayit, amma wannan 'yan mintuna ne, na 'yan kwanaki a shekara. Ruwa dai ba ya tsami banza.

Washegari ta kama hanya tare da direban farar motar, wani dattijo da duk hukumar ke kira Sai-a-hankali. Bai taɓa wuce sittin ba ko da titi ya yi fayau, yana cewa kayan da ke bayan motar sun fi shi da gidansa daraja. Bakinsa kuwa ba ya bin dokar ƙafarsa.

"Injiniya, ni fa har yau abu ɗaya ke ɗaure min kai a aikinmu," ya ce. "Fili in an sayar maka, kana zuwa ka kafa turaku ka ja igiya. To wannan da manya ke faɗa a kansa, a ina yake? Nuna min shi."

"Ga shi nan tsakanin hancinka da gilashi, Kawu."

Ya dubi gilashin motar, ya ɗan riƙe numfashi. "To Allah ya sa ban shaƙe na wani ba, a kai ni kotu da tsufana."

Asibitin dogayen gine-gine biyu ne masu rufin kwano, na maza da na mata, sai wani ƙaramin gini a baya inda ake ɗaukar hoton ƙashi da na ƙirji. Bayan wannan ɗakin aka dasa farantin satalayit a kan dandamalin siminti. Ƙato ne, faɗinsa ya fi tsawon mutum, fentinsa ya fara ɓarewa. A gefensa akwai wata rumfar kwano da benci huɗu, babu kowa a ciki sai wata kyanwa tana barci. Hanyar da ke zuwa wurin siririya ce, mota ba ta shiga, don haka Sai-a-hankali ya faka a bakin get. Daga nan ana hango ƙarfen sabis ɗin a tsallaken titi, da wasu sababbin akwatuna farare maƙale a wuyansa.

Ma'aikacin ɗakin hoton ne ya tarbe su, wani siririn mutum mai magana a tsanake da kowa ke kira Mai Hoto. Ya shigar da Injiniya ɗakinsa mai sanyi, ya nuna mata kwamfuta da wani ƙaramin akwati mai korayen fitilu huɗu.

"Ba mu da likitan da ya ƙware wajen karanta hoto a nan, ranki ya daɗe. Yana can babban asibiti. Da ƙarfe huɗu yake gama zagayen marasa lafiya, ya zauna ya kira mu ta wannan layin mu duba hotunan ranar tare. Awa ɗaya yake ba mu. To daidai lokacin ne fitilar nan ta uku ke komawa ja. Sai dai mu jira ya rubuto amsa washegari, in ya samu sarari. Akwai wata mai tari a ɗakin mata, kwananta uku tana jiran kalma ɗaya."

"Me zai hana ku yi da waya? Ga ƙarfe a ƙofar gidanku."

"Ba a yarda hoton mara lafiya ya bi ta wayar kowa ba, layin nan kaɗai kwamfutar can ke karɓa. Kuma ƙarfen nan in mai ya ƙare a janaretansa sai ya kwana biyu shiru. Farantin nan shekara tara muna tare, bai taɓa ba ni kunya ba sai bana."

Kafin ƙarfe biyu sai ga wakilan kamfanonin sun iso, kowa a motarsa, don labarin zuwanta ya riga ta. Na kamfanin tauraro dogo ne mai ɗaure fuska, na kamfanin waya gajere mai yawan dariya. Nan take Sai-a-hankali ya raɗa musu suna, Na Sama da Na Ƙasa. Duka biyun injiniyoyi ne, amma ranar aikin lauya suka zo yi.

"Shekara tara lafiya lau," in ji Na Sama. "Kun kafa ƙarfe, layi ya mutu. Ai biri ya yi kama da mutum."

Na Ƙasa ya zaro takarda daga aljihu. "Wata huɗu da kunna ƙarfenmu, ga kwanan wata. Matsalarku wata uku. A watan farkon nan ina muka je, hutu?"

Injiniya ta rubuta wannan a littafinta ta ja masa layi. Ta shiga bayan motar, ta ɗaga eriya, ta kunna na'ura. Wani koren layi ya bayyana a allo, mai tudu da kwari. Ga tudun ƙarfen sabis nan, babba, gefensa a yanke tsaf cikin mitar da hukuma ta ba shi. A kusa da shi ga na tauraro, ɗan mitsitsi, don saƙon da ya taho daga can ƙololuwar sama kafin ya iso ƙasa ya zama raɗa.

Huɗu da minti biyu Mai Hoto ya leƙo da sauri ya ce fitila ta yi ja. Duk suka cusa kai cikin motar. Tudun ƙarfen bai ƙaru ba, bai faɗaɗa ba. Sai ma ɗan sauka da ya yi.

"To, gani ya kori ji," in ji Na Ƙasa, bakinsa har kunne.

Na Sama ya ce na'urar hukuma ta tsufa. Injiniya ta zauna a gaban allon har biyar, tana neman wani baƙon saƙo da ya shigo daga wani wuri, injin walda ko wata na'urar ƙara sabis da wani ya ɗaura a ɓoye. Babu komai. Biyar da 'yan mintuna intanet ya dawo da kansa, tudun ƙarfen ya koma yadda yake. Ta sauke eriya suka kama hanyar gida.

Mahaifinta yana zaune tare da ita da maigidanta, a ɗakin gaba, tun rasuwar mahaifiyarta. Gyaran rediyo ya yi shekara arba'in kafin idanunsa su gaji, har yanzu teburinsa cike yake da tsofaffin rediyoyin da babu mai zuwa karɓa. Uwata yake ce mata, don sunan mahaifiyarsa ta ci. Da safe ta kai masa ruwan zafi ta same shi yana goge cikin wata rediyo da tsohon buroshin haƙori. Ya dubi fuskarta ya ce ta jawo kujera. Ta kwashe labari ta faɗa masa.

"Lokacin da nake da shago kusa da gidan rediyo," ya ce, "akwai wasu ƙananan rediyoyi masu araha da ake yawan kawo min. Duk inda ka murɗa, tasha ɗaya kake ji. Masu su sai su ce gidan rediyon ya cinye sauran tashoshi. Alhali tashar tana nan kan mitarta. Rediyon ne ba shi da ƙyaure, maƙwabci kuma mai babbar murya ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga."

"Na yi wannan tunanin, Baba. Amma in haka ne ai yini zai yi a kurmance, ba awa ɗaya ba. Kuma da huɗun ta yi, muryar maƙwabcin raguwa ma ta yi."

"A ina kika auna?"

"A bakin get."

Ya ajiye buroshin. "Uwata, get ɗin ne ya kurmance ko farantin?"

Ta buɗe baki za ta ce masa tsakaninsu bai fi taku saba'in ba, kuma ƙarfen sabis kamar fitilar titi yake, haske ɗaya yake watsa wa unguwa. Haka ta saba gani shekara da shekaru. Amma fararen akwatunan nan sababbi, a takarda kawai ta san su, ba ta taɓa yini a ƙarƙashinsu ba. Ta rufe bakinta. Baba ya ɗauki buroshinsa ya ci gaba, yana murmushi.

Ranar ba ta gaya wa kowane kamfani za ta koma ba. Suka bar motar a bakin get, ta saɓa ƙaramar na'urar hannu, Sai-a-hankali ya riƙe mata gajeruwar eriya. Tun ƙarfe uku ta aro kujera daga ɗakin hoto ta zauna a gindin farantin. Tudun ƙarfen yana nan a allo, lafiya lau, bai fi na jiya ba.

Huɗu saura kwata mutane suka fara shigowa ta siririyar hanyar. Mata da kuloli da filas, maza da leda a hannu, wani ya rungumo fanka. Masu dubiya ne. Suka cika bencin rumfar, waɗanda ba su samu wuri ba suka jingina da dandamalin farantin. Kyanwar ta tashi ta ba su wuri. Huɗu daidai Babbar Nas ta fito, wata kakkaura mai farin takalmi da littafi a hammata.

"Mutum biyu kowane gado, minti goma-goma. Waya kuma a aljihu. Duk wanda na ji wayarsa ta yi ƙara a ɗakin marasa lafiya, ya gama dubiyarsa ta yau."

Kashin farko suka shiga. Waɗanda suka rage, mutum kusan arba'in, kowa ya zaro waya. Wasu na kallon bidiyo don rage zaman jira, wasu na kiran 'yan'uwa. Wata dattijuwa da ke kusa da Injiniya ta miƙe hannu da wayarta, fuskar ɗanta ta cika gilashin daga wata ƙasa mai nisa.

"Yanzu zan shiga in gan shi," take ce masa da ƙarfi. "An ce ya zauna da kansa da safe. Kai me ya sa ka rame?"

Injiniya ta sunkuya ta dubi allonta. Tudun yana hawa. Bai fita daga mitarsa ba ko kaɗan, amma yana tashi yana tashi, har ya kusa taɓa rufin allon. Ta taga ta ji muryar Mai Hoto yana cewa fitila ta yi ja.

Ta miƙe tsaye, ta dubi ƙarfen a tsallaken titi, ta dubi mutanen, ta dubi farantin. Sai karatun da ta yi a takarda ya faɗo mata. Sababbin akwatunan nan ba fitilar titi ba ne, tocila ce. Inda waya take suke haskawa, inda wayoyi suka taru nan suke juye ƙarfinsu. Shi ya sa jiya awon bakin get ya sauka, ƙarfen ya juya fuska ne ya bar get ya dubi rumfa. Ta je ta tare Babbar Nas.

"Don Allah Sista, yaushe aka yi rumfar nan?"

"Wata uku. Da a bakin get suke cincirindo su tare wa motar asibiti hanya, na ce a yi musu wuri a baya. Lafiya?"

Injiniya ta yi dariya har ta dafa bango. Ta yi mata bayani a gajarce.

"Kina nufin masu dubiya ne ke kashe mana intanet?"

"Su ba ruwansu. Ƙarfen ne ke bin wayoyinsu da ido, farantinku kuma ya tsaya a hanya. Amma zato nake, ina so in gwada. Za su yarda su koma bakin get na minti biyar?"

Sai-a-hankali ya ce a bar masa wannan. Ya hau kan dandamali ya yi gyaran murya.

"Jama'a, Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Hukuma na neman alfarma, minti biyar kacal. Ba allura za a yi wa kowa ba. Kowa ya riƙe wayarsa a kunne, ya ci gaba da abin da yake yi, mu taka tare zuwa bakin get."

"Wai wayata ce za ta kashe wancan ƙaton?" in ji wani mai kayan kanikanci, yana jujjuya wayarsa mai tsagaggen gilashi.

"Shi muke so mu gani, ɗan'uwa."

Dattijuwar ta ce wa ɗanta, "Tsaya kar ka kashe, tattaki za mu yi. Wai kai ne ke lalata intanet ɗin asibiti." Aka kwashe da dariya, aka bi Sai-a-hankali a jere.

Injiniya ta tsaya ita kaɗai a gindin farantin. Tudun ya fara sauka kamar ruwan da aka buɗe wa rariya. Ba a yi minti ɗaya ba Mai Hoto ya turo kai ta taga, tsanakinsa duk ya tafi.

"Ya dawo! Wallahi ya dawo, ga likita nan yana kira!"

Bayan minti biyar ta sa aka dawo da mutanen. Fitila ta yi ja. Aka sake komawa get, ta yi kore. A karo na uku babu wanda ya jira a roƙe shi. Mai kayan kanikancin nan ne ma ya ce a raba mutane biyu, rabi a nan rabi a can, a ga abin da zai faru. Aka raba. Fitilar ta riƙa ƙiftawa, kore, ja, kore, fuskar likitan na tsayawa cak tana motsawa. Mutane suka yi cirko-cirko a tagar ɗakin hoto suna leƙe, wasu har sun manta da layin dubiya, sai da Babbar Nas ta buga littafinta a benci.

"To an ga wasa. Daga yau zama a rumfa, waya a bakin get, har sai an gyara."

A ranar likita ya samu kusan rabin awa a gutsuttsure, ya duba hoton mai tarin nan ya faɗi maganin da za a fara mata. Da mutane suka watse Injiniya ta aro tsani ta hau, ta goge ƙura daga ɗan akwatin da ke ƙarshen hannun farantin, wanda shi ne kunnensa. Lambobin da ke jikinsa suka nuna an ƙera shi ne ya ji yankin mitar gaba ɗaya, tun zamanin da duk yankin na tauraro ne. Hukuma ta raba yanki a takarda, amma ba wanda ya gaya wa kunnen farantin. Yana nan a buɗe yana sauraron raɗa daga sama, ga maƙwabci na kurma masa ihu a gefe.

Kwana huɗu ta yi tana rubuta rahoto. Darakta ya karanta shi a tsaye, ya juya shafin ƙarshe ya duba bayansa kamar akwai saura.

"To wa ke da laifi?"

"Babu wanda ya karya doka, ranka ya daɗe. Ƙarfen yana cikin mitarsa. Farantin kuma daidai yake da zamanin da aka dasa shi. Filta yake buƙata a kunnensa, wadda za ta tare mitar waya ta bar ta tauraro."

"Na aike ki kamo ɓarawo kin dawo min da darasi. Me zan ce wa mutanen nan?"

Ranar zama aka cika babban ɗakin taro na ƙasa, mai dogon tebur da sanyin da ke sa mutum neman rigar sanyi. Lauyan kamfanin waya ya miƙe ya karanta shafi na biyu na rahoton, inda aka ce ƙarfensu bai fita daga mitarsa ba, ya zauna. Lauyan kamfanin tauraro ya miƙe ya karanta shafi na uku, inda aka ce ƙarfin ƙarfen ne ke kurmantar da farantin, shi ma ya zauna. Shugabar zaman, wata dattijuwar malamar jami'a, ta ce ita tana so ta ji daga bakin wadda ta rubuta duka shafukan. Injiniya ta tashi ta ba da labarin rumfa da masu dubiya yadda ya faru. Da ta zo wurin raba mutane biyu, har lauyoyin sun ajiye biro suna saurare.

"Faranti nawa ne masu irin wannan kunnen a ƙasar nan?" in ji shugabar.

Na Sama ya ce ya san na abokan cinikinsu, amma akwai waɗanda wasu kamfanonin da suka daɗe da rufewa suka dasa, a makarantu da asibitoci da tashoshin auna yanayi. Aka dubi Darakta. Ya gyara zama ya ce lasisin a dunƙule ake ba kamfani, ba a taɓa rubuta inda kowane faranti yake ba.

Abin da aka yanke bai yi wa kowa daɗi sosai ba. An dakatar da maganar ƙarin mita sai an ƙirga farantan an sa su a taswira. Za a ba kamfanonin waya taswirar su saita ƙarafansu kar su riƙa haska inda faranti yake. Za a bar ɗan fili tsakanin mitocin biyu da ba na kowa ba. Masu tauraro kuma ba za a mayar musu da rabin da aka ɗauka ba. Maganar wanda zai sayi filtocin ta ta da sabuwar gardama, aka ɗage ta zuwa wani zaman.

A baranda Na Ƙasa ya tare Injiniya. "Da gaske rabi da rabi fitilar ƙiftawa ta riƙa yi? Ni na kafa akwatunan nan, amma ban taɓa ganin aikinsu da idona haka ba."

Na Sama yana bayansu yana jiran lif. Sai ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba, akwai filta ɗaya a sitonsu da aka kawo ta gwaji. Na Ƙasa ya ce shi kuma yana da dogon tsani da akwatin sufana.

Ranar Laraba suka haɗu a asibitin su uku. Na Sama ya hau, Na Ƙasa ya riƙe masa tsani yana miƙa masa sufana, suna musu a kan lambar noti. Filtar ba ta fi gwangwanin madara ba. Kafin uku da rabi an ɗaure ta. Injiniya ta roƙi Babbar Nas ta ɗage dokar waya na yini ɗaya, aka ce wa masu dubiya yau kowa ya yi kiransa a rumfa son ransa. Huɗu ta yi, tudun ƙarfen ya hau allon Injiniya kamar kullum. Na Ƙasa ya tsuguna a gabansa yana kaɗa kai. Suka jira ihu daga taga, ba su ji ba, sai muryar likita ƙasa-ƙasa yana cewa a buɗe na gaba.

Biyar da minti goma Mai Hoto ya fito yana murza wuya. Ya gaisa da kowa, ya tsaya gaban Injiniya.

"Ranki ya daɗe, kin gyara min aiki kin ɓata min hutu. Wata uku na yi a wannan awar ina miƙe ƙafa ina karanta jarida. Yau hoto goma sha tara mutumin nan ya sa na buɗe, ko ruwa ban sha ba. Biyu ma ya ce ban ɗauka da kyau ba, sai na sake."

"Mu cire filtar ke nan?" in ji Na Sama, karon farko da aka ga haƙoransa.

"Taɓa ta ka gani," in ji Mai Hoto. Ya jawo keken marasa lafiya daga jikin bango, ya tura shi zuwa ɗakin maza ya ɗauko na farko cikin biyun.